Ɗakin Tafi-da-gidanka: Kayan Aiki da Dabarun Ja da Ya da Zango



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne wata irin tafiya da mutanen Amurka da Turai suka mayar al'ada, watau mutum ya ɗaura ɗakin kwana mai tayoyi a bayan motarsa, ya ja shi zuwa daji ko bakin teku, ya ya da zango inda ya ga dama. Da yake in an ce tirela a nan hankali yakan tafi ga manyan motocin da ke dakon siminti da takin zamani, zan riƙa kiran wannan abu ɗakin tafi-da-gidanka, ko da yake na san wayar hannu ta kusa ƙwace sunan. Ɗaki ne sosai, da gado, da wurin girki, da makewayi, amma ba shi da inji, sai an ja shi.

Wani zai ce, ina ruwanmu da wannan? Amsa biyu gare ni. Ta fari, a cikinmu akwai waɗanda ƙaro ilmi ko kos zai kai su waɗannan ƙasashe, inda ake ba da hayar irin waɗannan ɗakuna, kuma a Amurka lasin ƙaramar mota ya isa mutum ya ja mafi yawansu. Ta biyu, ƙa'idar da ke hana ɗakin nan kifewa ita ce ke hana kowane abin ja kifewa, ko da amalanke ce aka ɗaura wa mota aka loda buhunan masara. Maganata duka a kan ƙa'idar nan take: sauƙin wannan tafiya yana ga sanin nauyin kaya, da inda aka aza shi, da yin kowane aiki a kan jerinsa. Kayan aikin da zan lissafa duk masu yi wa wannan ƙa'ida hidima ne.

Asalin Al'adar

Wani likitan sojan ruwa ɗan ƙasar Sikotilan, William Gordon Stables, shi ne ake jingina wa farkon ɗakin da aka ƙera domin yawon shaƙatawa. A 1885 ya fita da shi, dawaki biyu na ja. A 1907 masu wannan sha'awa suka kafa ƙungiyarsu a Ingila, a 1919 kuma takwarorinsu na Amurka suka kafa tasu a birnin Tampa na jihar Fulorida. Wanda ya fi kowa yin suna a sana'ar shi ne Wally Byam, wanda ya kafa kamfanin Airstream, wanda tun 1936 ake ƙera ɗakunansa da alminiyam, jikinsu a mulmule kamar jirgin sama. A 1959 ya jagoranci ɗakuna 41 da mutum fiye da 100 daga Cape Town, suka ratsa Kenya da Habasha, suka isa Alƙahira a 1960.

Sunan da mutanen Ingila suka ba ɗakin nan aro ne daga Farisanci, kuma ma'anarsa ta asali ayari. Ashe ke nan batun ba baƙonmu ba ne ƙwarai. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun san madugu, sun san zango, sun kuma san cewa jakin da mangalarsa ta rinjaya gefe guda ba ya kai yamma. Bambancin kawai shi ne jaki yakan tsaya ya ƙi tafiya, mota kuwa ba ta gardama, sai ta ci gaba da gudu har abin da zai faru ya faru.

Sikeli Kafin Komai

Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan sha'ani kimar ido ba ta wadatarwa, sai an hau sikeli. Akwai alƙaluma uku da ya wajaba matuƙi ya sani kafin ya tayar da mota. Na ɗaya, iyakar nauyin da motarsa za ta iya ja, wannan yana cikin littafin motar. Na biyu, iyakar nauyin da aka yarda ɗakin ya kai in an cika shi da kaya, wannan yana rubuce a wani ɗan faranti a jikinsa. Na uku, wanda aka fi mantawa, iyakar nauyin da motar kanta za ta ɗauka a bisanta, watau fasinjoji da kayansu da kuma nauyin da hancin ɗakin ke dannawa a bayanta. A motocin Amurka ana samun wannan a wata takarda da aka liƙa a jikin ƙofar direba.

Bari in ba da misali da lissafi. A ce ɗaki ya kai kilo 2,000 da kayansa, hancinsa na danna mota da kilo 250. A ce motar an yarda ta ɗauki kilo 600. In manya huɗu suka shiga, kowane kilo 70, an sami 280. A haɗa da 250 na hancin ɗaki, da kilo 30 na ƙarfen haɗi, an kai 560. Abin da ya rage wa akwatuna da abinci da komai kilo 40 ne tak. Ga shi littafin motar na iya cewa tana jan kilo 3,000, mai ita ya saki jiki, alhali kuwa bayanta ya riga ya durƙushe. Kada kuma a manta da ruwa. Lita guda kilo guda ce, saboda haka tankin lita 150 daidai yake da ƙarin mutum biyu. Shi ya sa masu hankali kan tafi da ruwa kaɗan, su cika tanki in sun kusa zango.

Ƙungiyoyin masu wannan tafiya a Ingila suna ba sabon shiga shawara kada nauyin ɗakinsa ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar da ba kowa a cikinta. Mota mai kilo 1,600 ke nan ta tsaya a ɗaki mai kilo 1,360. Hikimar a fili take, in abin da ake ja ya fi mai ja ƙarfi, to, shi zai riƙa juya akalar tafiya. A Amurka akwai sikelin manyan motoci a gidajen mai na bakin manyan hanyoyi, kowa na iya biyan kuɗi kaɗan ya hau, a ba shi takardar nauyin gaban mota da bayanta da na ɗaki dabam dabam.

Inda Ake Aza Kaya

Nan ne zuciyar maganar, don haka zan ɗan daɗe. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke kashe masu jan ɗaki shi ne lilo, watau bayan ɗakin ya fara kaɗawa dama da hagu kamar wutsiyar kifi, kowane kaɗawa ya fi na baya faɗi, har ya fizgi bayan motar, su kife tare. Iska mai ƙarfi daga gefe na iya tayar da shi, haka wucewar babbar mota, haka gangara, haka fizgar sitiyari. Amma waɗannan duk tsokana ce kawai. Abin da ke sa lilon ya girma maimakon ya kwanta shi ne gudu, da kuma kaya masu nauyi a bayan tayoyin ɗakin.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Ɗakin yana zaune bisa tayoyinsa kamar ma'aunin mai nama. In nauyi ya rinjaya gaba, hancinsa yana danne bayan mota, tayoyin motar na baya su kama ƙasa da kyau, ɗakin ya bi sawu kamar raƙumi da akala. In nauyi ya koma baya, hancin sai ya yi sama, ya rage wa tayoyin mota riƙo, kayan da ke can ƙarshe kuma su zama kamar dutse a bakin majajjawa. Saboda haka ƙa'idar Amurkawa ita ce nauyin hancin ɗaki ya kasance tsakanin kashi 10 da 15 cikin 100 na nauyinsa duka, kuma kamar kashi 60 na kaya su zauna gaba da tayoyi. Mutanen Ingila, da yake ƙirar ɗakunansu dabam ce kuma dokarsu ta rage musu gudu, sukan tsaya a kashi 5 zuwa 7. Kowa ya bi abin da maƙerin ɗakinsa ya rubuta. Kaya masu nauyi, kamar gwangwanayen abinci da akwatin sifanoni, a ajiye su a ƙasa kusa da tayoyi, a ɗaure su. Kabad na sama na tufafi ne da barguna. Kada kuma a yi zaƙewa a tara komai a gaba, domin in hanci ya yi nauyi fiye da kima gaban mota zai ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, fitilu su riƙa haska sama.

To, in lilon ya fara fa? Abin da jiki ke ba mutum shi ne ya taka birki da ƙarfi, ya juya sitiyari ya bi kaɗawar. Duka biyun ƙara wa wuta fetur ne. Abin yi shi ne a riƙe sitiyari sak da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a bar gudu ya ragu da kansa. In ɗakin na da birkin lantarki, a matsa maɓallinsa da hannu, domin ɗakin kaɗai ya ja baya, ya miƙe kamar igiyar da aka ja daga ƙarshe. Da an sami wurin tsayawa sai a sauka a sake tsarin kaya, kada a ce ai ya wuce.

Kayan Haɗi da Birki da Taya

Mahaɗin mota da ɗaki wani dunƙulen ƙarfe ne mai kama da ƙwallo, bakin ɗakin ya hau kansa ya kulle. A Turai girmansa ɗaya ne, milimita 50. A Amurka kuwa iri uku aka fi sani: inci 1 da 7/8, da inci 2, da inci 2 da 5/16. Haɗarin shi ne babban baki na hawa kan ƙaramin ƙwallo lafiya lau, a ga kamar ya zauna, sai an faɗa rami ya tsalle ya fita. Lambar girman tana buge a kan kowannensu, a karanta, ba a ƙiyasta. Bayan an kulle, a murɗa jak ɗin hancin ɗaki ya ɗan ɗaga sama. In bayan motar ya biyo shi, kullin ya kama.

A Amurka ana ƙara sarƙoƙi biyu, a gitta su ƙarƙashin hancin ɗaki, ta dama ta tafi hagu, ta hagu ta tafi dama, domin in mahaɗi ya kuɓuce hancin ya faɗa kansu, kada ya caki kwalta. Akwai kuma wata siririyar waya da ake maƙalawa a jikin motar kanta, wadda in ɗaki ya rabu da mota za ta fizgu ta kama birkinsa. Ga ɗaki mai nauyi akwai mahaɗi na musamman mai sandunan ƙarfe biyu, wanda ke mayar da wani ɓangare na nauyin hanci zuwa tayoyin gaba na mota da tayoyin ɗaki, mota ta daidaita. Yawancinsu suna taimakawa wajen rage lilo, amma ba su ƙara wa mota ko kilo guda a kan iyakar da aka rubuta mata, ba su kuma gyara mugun lodi.

Game da birki, dokar Turai ta ce abin ja da ya wuce kilo 750 sai da birkinsa. A Amurka kowace jiha da tata dokar, da yawa sun sa iyakar a laba 3,000, watau kimanin kilo 1,360. Birkin ɗakunan Amurka na lantarki ne, da wata 'yar na'ura kusa da direba wadda ake saita ƙarfinsa da ita. Kafin a hau babbar hanya sai a gwada shi a ƙaramin gudu. In tayoyin ɗaki na kullewa suna jan ƙasa, a rage. In ana jin ɗakin na tura mota, a ƙara.

Tayar ɗaki ba ta cika mutuwa saboda sulɓi ba, tsufa ke kashe ta, domin ɗakin yakan yi watanni a tsaye rana na dukan ta. Tun shekarar 2000 ana buga shekarun taya a gefenta da lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019 ke nan. Shawarar ƙungiyoyin Ingila ita ce a sauya ta in ta kai shekara 5, kada a kuskura ta wuce 7, kome kyan idonta. A auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, har da safaya. A sa wa boris giris sau ɗaya a shekara ko bayan mil 12,000. In an tsaya shan mai, a kai bayan hannu kusa da tsakiyar kowace taya, wadda ta fi sauran zafi tana da magana. In kuma an kwance taya an mayar, a sake ɗaure notinanta bayan tafiyar kilomita kamar 50. Sauran kayan da ba a barin su gida su ne madubin gefe mai tsawo da ke nuna bayan ɗaki, da ma'aunin iska, da famfo, da jak mai iya ɗaga ɗakin, da tocila, da abin kashe gobara, da akwatin magani.

A Kan Hanya

Tafiya sannu sannu kwana nesa. A Ingila mai jan ɗaki ba ya wuce mil 50 a awa a hanya mai falle ɗaya, ko mil 60 a tagwayen hanyoyi. A jihar Kalifoniya iyakarsa mil 55 ne. A ninka ratar da aka saba bari tsakanin mota da ta gabanta, domin nauyi ya ƙaru, tsayawa ta yi nisa. A kwana, tayoyin ɗaki suna yanke hanya ta ciki, saboda haka a ɗan zarce kafin a karya sitiyari. A gangara a koma ƙaramar giya tun daga sama, inji ya riƙe motar, domin birkin da aka ɗora wa ƙafa tun daga kan tudu yakan yi zafi ya daina kamawa kafin a kai ƙasa. A rubuta tsayin ɗakin a takarda a liƙa gaban direba saboda gadoji da rumfunan gidan mai. Kada kuma a bar kowa ya zauna cikin ɗakin ana tafiya. Dokar Ingila ta hana, haka jihohin Amurka da dama, ba kuwa a ƙera bangonsa don ya kare rai in an yi karo ba.

Ribas shi ke ba sabon shiga kunya, don in ya juya sitiyari dama ɗakin sai ya tafi hagu. Dabarar ita ce a ɗora hannu a ƙasan sitiyari, a tura shi wajen da ake son bayan ɗakin ya nufa, kaɗan kaɗan. A sami wani ya tsaya inda direba ke ganin sa a madubi, su shirya alamun hannu tun da fari, da direba ya daina ganin sa kuwa ya tsaya cik. Awa guda a filin da ba kowa, da 'yan gwangwanaye a matsayin iyaka, ta fi karatun littafi guda amfani.

A Zango

A yi ƙoƙari a isa da sauran rana. Jerin aikin sauka kuwa ba a sāɓa shi. Da fari, tun ɗaki na haɗe da mota, a daidaita shi dama da hagu, a hau da tayar gefen da ya yi ƙasa bisa katako. Sa'an nan a sa weji gaba da bayan tayoyi, kamar yadda kowane yaron mota ya sani. Sai bayan wannan ne ake kwance mahaɗi, domin ɗakin da aka kwance ba weji, in wurin na da ɗan gangare, tafiyarsa zai yi, yakan kuma taka wanda ke gabansa. Daga nan a daidaita gaba da baya da jak ɗin hanci, a ƙarshe a sauke ƙafafun nan huɗu na kusurwa, waɗanda aikinsu hana girgiza ne kawai, ba a ɗaga ɗaki da su. Daidaiton nan ba don daɗin barci kaɗai ake yin sa ba. Firjin gas da ke cikin yawancin ɗakunan yana lalacewa in ya daɗe yana aiki a karkace.

Tankuna uku ne a ɗakin Amurka: na ruwan sha, da na ruwan wanke-wanke, da na makewayi. A ware tiyo guda na ruwan sha kaɗai, kada ya taɓa wani aiki. Ana zubar da ƙazanta a wurin da aka tanada, a fara buɗe tankin makewayi, a biyo da na wanke-wanke domin ya ɗauraye bututun.

Abin da ya fi kome haɗari a zango ba a ganin sa, ba a jin warinsa. Ita ce gubar hayaƙin nan da ke fita daga janareta da gawayi da risho, wadda mu ma mun sha jin ta hallaka iyali guda a dare ɗaya. Ɗakin tafi-da-gidanka ƙarami ne, a rufe ruf, don haka ba ya ɗaukar lokaci ya cika. Kada a shigar da gawayi ciki don jin ɗumi, kada a ɗumama ɗaki da murhun girki, janareta kuwa a kai shi nesa, bakin hayaƙinsa na kallon wani waje. A sa na'urar da ke kururuwa in ta ji gubar, a gwada batirinta kafin kowace tafiya. Gas ɗin girki shi kuma ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwantawa, shi ya sa tasa na'urar kusa da daɓe ake kafa ta. A gandun daji irin na Yellowstone, wanda aka keɓe tun 1872, akwai kuma dokar kulle abinci da shara saboda dabbar nan beya, wadda in ta saba da abincin mutane takan zama barazana, ƙarshenta a harbe ta.

Ranar tashi a bi jerin nan a juye, kuma a rubuce, domin ƙwaƙwalwar mai gaggawa ba abar dogaro ba ce. A rufe tukunyar gas, a cire wayar lantarki da tiyo, a naɗe rumfa, a kulle tagogi da kabad, a ɗage ƙafafu da matakala, a haɗa, a gwada fitilun birki da na sigina, weji ne na ƙarshen fita. Sa'an nan a zaga mota da ɗaki sau ɗaya a ƙafa, a duba sama, a duba ƙasa, a kwashe shara a bar wurin yadda aka same shi.

'Yan'uwa, da yawanmu gobe za mu zama masu sa hannu a takardar fitar da motar ofis, ko masu ba direba umurni ya loda kaya ya kama hanya. Ko ba mu taɓa jan ɗakin kwana ba, tambayoyin nan uku za su yi mana amfani: nawa ne nauyin, a ina aka aza shi, wa ya duba kafin a tashi? Madugun da ke yin su tun a zango shi ke kai ayarinsa gida.  Allah ya kiyaye hanya, ya sa mu gama karatunmu lafiya.